Al'ada ko Aljihu: Me ke Tsara Cin Nama a Ƙasar Indiya?

Gabatarwa

Masana abinci da masana tattalin arziki da masu nazarin zamantakewa sun daɗe suna muhawara a kan dalilin da ya sa mutanen Indiya ba sa cin nama sosai, wasu suna cewa addini da al'ada ne suka hana su, wasu kuma suna cewa rashin wadata ne, kuma a kan wannan muhawara ce laccar yau za ta gudana. Batun yana da nauyi domin Indiya, wadda ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa ta zarce ƙasar Sin a yawan jama'a a shekarar 2023, tana ɗauke da mutane fiye da biliyan 1.4, amma idan aka raba naman da ake ci a ƙasar a kan yawan mutanenta, abin da ke faɗa wa kowane mutum a shekara bai kai kilo 10 ba, alhali matsakaicin rabon duniya ya haura kilo 40, na Amurka kuwa ya haura kilo 100. Amsar da aka amince da ita tana da tasiri a kan manufofin gwamnati, domin idan mutane sun bar nama ne da son ransu, babu abin da ya rage wa hukuma illa ta girmama zaɓinsu, idan kuwa babu ce ta hana su, to akwai haƙƙin da ba a sauke ba.

Matsayar da za a kare a nan ita ce, muhawarar ta ƙi ƙarewa ne saboda tambayoyi uku aka haɗa wuri guda: wane ne ke cin nama, wane irin nama yake ci, kuma nawa yake samu ya ci. Hujjojin da ke hannu suna nuna cewa al'ada ce ke da rinjaye a kan tambayoyi biyun farko, aljihu kuma shi ke yanke hukunci a kan ta uku, sannan akwai abu na huɗu da ɓangarorin biyu kan manta da shi, wato doka da siyasa, waɗanda ke ɗaukar al'adar wani rukuni su mayar da ita tsada ko hani a kan wani rukunin.

Yawan masu ci da masu ƙauracewa

Abu na farko da ya kamata a kawar shi ne zaton da ya yaɗu a duniya cewa mafi yawan Indiyawa ba sa cin nama ko kaɗan. A ma'anar da aka sani a ƙasar, mai ƙaurace wa nama shi ne wanda ba ya cin naman dabba ko na tsuntsu ko kifi, galibi har da ƙwai, amma yana shan madara, yana cin kindirmo da cuku da man shanu, kuma wannan rarrabewa ta yi ƙarfi har doka ta wajabta a buga koren ɗigo a jikin ƙunshin abincin da babu nama a cikinsa, a buga alama mai launin ƙasa-ƙasa a jikin wanda ke da shi. Binciken da ofishin da ke kula da ƙidayar jama'a ya gudanar a 2014 ya nuna cewa kimanin kashi 71 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 15 zuwa sama masu cin nama ne. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka, wadda ta tattauna da manya kusan 30,000 ta kuma fitar da sakamakonta a 2021, ta gano cewa kashi 39 cikin 100 ne ke kiran kansu masu ƙaurace wa nama, amma kashi 81 cikin 100 suna yi wa nama wata iyaka, ko dai su bar shi ɗungurungum, ko su bar wani nau'insa, ko su bar shi a wasu ranaku.

Idan aka karkasa alƙaluman na Pew bisa addini, hannun aƙida yana bayyana ƙarara, domin masu ƙauracewa sun kai kashi 92 cikin 100 a tsakanin mabiya addinin Jain, kashi 59 a tsakanin mabiya Sikh, kashi 44 a tsakanin mabiya Hindu, kashi 10 a tsakanin Kirista, kashi 8 kuma a tsakanin Musulmi. Tunda mabiya Hindu sun kusa kashi 80 cikin 100 na jama'ar ƙasar a ƙidayar 2011, wannan yana nufin mafi yawan masu cin nama a Indiya su ma mabiya Hindu ne. Masana biyu, Balmurli Natrajan da Suraj Jacob, sun kwatanta manyan binciken gwamnati a wani nazari da suka buga a 2018, suka yanke cewa masu ƙauracewa na haƙiƙa ba su wuce kashi 30 cikin 100 ba, mai yiwuwa ma sun fi kusa da kashi 20, domin mutane da yawa suna ɓoye wa mai tambaya cewa suna cin nama, musamman na shanu, saboda kunya ko tsoro. Wannan ɓoyewar ita kanta shaida ce a kan ƙarfin al'ada, tunda ta nuna wane abinci ne ke jawo wa mutum mutunci a idon jama'a, wane ne kuma ke zubar masa da shi.

Tushen al'adar a tarihi

Ƙaurace wa nama abu ne da ya ginu a Indiya sannu a hankali. Littattafan Veda, waɗanda su ne mafi tsufa a cikin nassoshin addinin Hindu, kuma mafi daɗewa a cikinsu ya samo asali tun fiye da shekara 1,000 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, suna ɗauke da bayanin yanka dabbobi domin bauta, har da shanu, kamar yadda masanin tarihi D. N. Jha na Jami'ar Delhi ya tattara hujjoji a littafin da ya fitar a farkon shekarun 2000, littafin da ya jawo masa barazana ga rayuwarsa. Sauyi ya fara ƙarfi ne daga wajen ƙarni na 6 zuwa na 5 kafin Miladiyya, lokacin da koyarwar Mahavira, jagoran addinin Jain, da ta Buddha suka ɗaukaka aƙidar da ake kira ahimsa, wato ƙin cutar da duk wani mai rai. Sarki Ashoka, wanda ya mulki mafi yawan yankin a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, ya sa an sassaƙa dokokinsa a jikin duwatsu, a ciki har da taƙaita yanka dabbobi, inda ya bayyana cewa abin da ake yankawa a madafar fadarsa a kullum ya ragu zuwa ɗawisu biyu da barewa ɗaya. Daga baya rukunin malaman addinin Hindu, waɗanda ake kira Brahman, suka rungumi barin nama a matsayin alamar tsarki, saniya kuma ta samu matsayin uwa wadda ba a cutar da ita.

A nan ne abinci ya haɗu da tsarin matakan jama'a na gado, wanda a cikinsa ake haifar mutum cikin wani rukuni mai sana'arsa da darajarsa, kuma ba ya iya fita daga cikinsa. B. R. Ambedkar, wanda ya jagoranci kwamitin da ya rubuta kundin tsarin mulkin Indiya, kuma shi kansa ya fito daga rukunin da a da ake ƙyamar taɓa su, waɗanda a yau ake kira Dalit, ya bayyana a littafinsa na 1948 cewa abinci ya raba al'ummar Hindu gida uku: marasa cin nama a sama, masu cin nama ban da na shanu a tsakiya, masu cin naman shanu a ƙasa. Waɗannan na ƙasan su ne aka ɗora wa aikin kwashe mushen shanu da fiɗa da jima, kuma talauci ya sa naman ya zama abincinsu, sannan aka juyo aka mayar da cin nasa hujjar ƙyamarsu. Masanin zamantakewa M. N. Srinivas ya ƙara da cewa rukunonin da ke ƙasa, idan suka samu wadata, sukan kwaikwayi halayen na sama domin neman daraja, barin nama da barin giya suna daga cikin abin da suke fara yi. Ma'anar wannan ga masanin tattalin arziki tana da girma, domin a mafi yawan ƙasashe ƙaruwar samu tana ƙara cin nama, amma a wasu sassan Indiya tana iya rage shi.

Akwai masanan da suka yi ƙoƙarin mayar da al'adar kacokan ga lissafin tattalin arziki, fitacce a cikinsu shi ne Ba'amurke Marvin Harris, wanda a 1966 ya kawo bayanin cewa tsarkake saniya dabara ce ta rayuwa, domin ita ke haifar bijiman huɗa, ita ke ba da madara da taki da busasshen kashin da ake girki da shi, saboda haka hana yanka ta yana kare manomi daga cinye jarinsa a shekarar fari. Bayanin yana da gaskiya a cikinsa, amma bai wadatar ba, kuma manomin ƙasar Hausa shaida ne a kan haka: shanunsa masu tozo dangi ɗaya ne da na Indiya, shi ma ya dogara da su a wajen huɗa da jan amalanke da taki, amma idan sun yi wasu damuna suna aiki yakan turke su ya sayar wa mahauta ya sayo ƙanana. Buƙata ɗaya ce ta haifar da ɗabi'u biyu mabambanta, abin da ya bambanta su kuwa shi ne aƙida.

Yanki, jinsi da ranaku

Taswirar ƙasar ta fi kowace hujja nuna cewa ba aljihu ke zaɓar wanda zai ci nama ba. A binciken 2014 da aka ambata, masu ƙauracewa sun kusa kashi 75 cikin 100 a jihar Rajasthan, kashi 69 a Haryana, kashi 67 a Punjab, kashi 61 a Gujarat, duk a arewa maso yamma da yamma, alhali a jihohin kudu da gabas, irin su Telangana da Andhra Pradesh da Tamil Nadu da Kerala da Odisha da Bengal ta Yamma, masu cin nama sun kai kashi 97 cikin 100 ko fiye. Haryana da Gujarat suna cikin jihohin da suka fi wadata, Bihar kuwa, wadda ta fi kowace jiha ƙarancin samu, fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanenta masu cin nama ne, kuma da a ce kuɗi ne ke yanke hukunci da akasin haka aka gani. Hatta rukunin Brahman bai zama bai ɗaya ba, domin na Bengal da na gabar tekun Konkan suna cin kifi, na Kashmir suna cin naman tumaki, kuma har yau ana yanka awaki domin bauta a wuraren ibada irin su Kalighat a birnin Kolkata da Kamakhya a jihar Assam. Inda koguna da teku suka wadatar da kifi, al'ada ta halatta shi, inda kuma kiwo ya wadatar da madara, barin nama ya samu sauƙin kafuwa.

A cikin gida ɗaya ma ana ganin bambanci. Binciken lafiyar iyali na ƙasa zagaye na biyar, wanda aka gudanar daga 2019 zuwa 2021, ya nuna cewa kimanin kashi 83 cikin 100 na maza masu shekara 15 zuwa 49 suna cin nama ko kifi, amma mata kashi 71 ne kawai, duk da cewa tukunya ɗaya da aljihu ɗaya ke ciyar da su. Daga cikin dalilan akwai cewa maza sun fi samun damar ci a waje inda idon dangi ba ya kaiwa, mata kuma su aka ɗora wa tsare tsarkin madafa da yawan azumin bauta, kuma a gidaje da yawa su ke ci daga ƙarshe. Ga kuma al'adar ranaku, inda gidajen Hindu masu yawa da ke cin nama suke barinsa ranar Talata ko Alhamis ko Asabar, da watan Shravan na damina, da kwanaki tara na bikin Navratri, har masu kiwon kaji sun san cewa farashi kan faɗi a waɗannan lokuta. Nau'in naman ma aƙida ce ke zaɓa: kashi 72 cikin 100 na mabiya Hindu sun shaida wa Pew cewa mai cin naman shanu ba ya cikinsu, kashi 77 na Musulmi kuma sun faɗi haka game da mai cin naman alade.

Hujjar aljihu

Duk wannan ya bayyana waɗanda ba sa ci, amma bai bayyana dalilin da ya sa rabon ƙasa ya yi ƙanƙanta haka ba, alhali mutum bakwai cikin goma masu ci ne. Amsar ita ce masu cin ba sa samun ci sosai, domin binciken lafiyar iyali ya nuna cewa kimanin kashi 57 cikin 100 na maza da kashi 45 na mata ne kawai ke cin nama ko kifi aƙalla sau ɗaya a mako, kuma ko a ranar da aka ci, yanka kaɗan ne a cikin miya mai yawa da aka zuba a kan shinkafa. Binciken kashe kuɗin gidaje na 2022 zuwa 2023 ya nuna cewa matsakaicin abin da mutumin karkara ke kashewa a wata, na abinci da sutura da magani da komai, rupi 3,773 ne, wato kimanin rupi 126 a rana, alhali kilo ɗaya na naman akuya kan kai rupi 700 ko fiye a manyan birane. Kilo guda ke nan ya lashe abin kashewar fiye da kwana biyar, kuma wannan matsakaici ne, akwai ɗaruruwan miliyoyi da ke ƙasa da shi.

Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 a kan wadatar abinci ya ƙiyasta cewa fiye da rabin mutanen Indiya ba su da halin sayen abinci mai gina jiki yadda ya kamata a 2022, kuma gwamnati tana raba wa mutane kimanin miliyan 800 kilo 5 na shinkafa ko alkama kyauta a kowane wata, ƙarƙashin tsarin da dokar wadatar abinci ta 2013 ta kafa. Wannan taimako yana kashe yunwa, amma hatsi ne zalla, saboda haka talaka yana cika ciki da abin da ya fi araha, nama ya zama na ranar biki ko ranar baƙo. Nijeriya misali ce da ke ƙarfafa wannan hujja, domin al'adun mutanenta suna ɗaukaka nama, amma shi ma rabon ɗan Nijeriya bai kai kilo 10 a shekara ba, abin da ke nuna cewa talauci shi kaɗai ya isa ya ƙanƙantar da rabo ko da babu wani hani. Sai dai misalin ƙasar Sin yana nuna iyakar hujjar, domin a can rabon mutum ya tashi daga kimanin kilo 15 a 1980 zuwa fiye da kilo 60 sakamakon bunƙasar arziki, alhali Indiya, wadda arzikinta ya ninka sau da yawa tun bayan sauye-sauyen tattalin arziki na 1991, ba ta ga hauhawa mai kama da wannan ba.

Inda ƙarin kuɗin ya tafi

Idan aka bi sawun ƙarin kuɗin da Indiyawa suka samu, za a tarar ya bi hanyoyin da al'ada ta bari a buɗe. Hanya ta farko ita ce madara, wadda kowane rukuni ya yarda da ita: abin da ƙasar ke samarwa ya tashi daga tan miliyan 17 a shekarar 1950 zuwa 1951 ya kai kimanin tan miliyan 230 a 2022 zuwa 2023, ta hanyar ƙungiyoyin gama-kai na makiyaya irin na Amul da ke garin Anand a Gujarat, da shirin bunƙasa madara da Verghese Kurien ya jagoranta daga 1970, har Indiya ta zama ta ɗaya a duniya. Hanya ta biyu ita ce kaza da ƙwai, domin kaza ba ta da haramcin saniya a wurin Hindu, ba ta da na alade a wurin Musulmi, kuma kiwon kajin gidan gona, inda kamfani ke ba manomi 'yan tsaki da abinci da magani ya karɓi kajin idan sun girma, ya saukar da farashinta ƙasa da rabin na naman akuya. A yau kaji ne ke ba da kimanin rabin duk naman da ƙasar ke samarwa, ƙwai kuma ya tashi daga guda 5 ga kowane mutum a shekara a farkon shekarun 1950 ya kai kimanin 100. Kamfanin McDonald's ma, da ya shiga ƙasar a 1996, bai taɓa sayar da naman shanu ko na alade a can ba, ya dogara ne da kaza da kifi da dankali.

Daga nan za a fahimci cewa barin nama ba nauyinsa ɗaya ba ne a kan mai wadata da talaka. Nazarin Natrajan da Jacob ya nuna cewa gidajen masu ƙauracewa, a dunƙule, sun fi na masu ci samun kuɗi, kuma irin wannan gida yana maye gurbin nama da madara da cuku da wake iri-iri da 'ya'yan itatuwa, jikinsa ya samu abin da yake bukata. Gidan da ba shi da halin sayen madara kullum, idan aka raba shi da nama mai araha da ƙwai, babu abin da ya rage masa sai hatsi da tsinkakkiyar miyar wake.

Doka da siyasa

Kare saniya ya zama batun siyasa tun zamanin mulkin Turawan Ingila. Jita-jitar cewa an shafa wa harsasai kitsen shanu da na alade tana cikin abin da ya tunzura boren sojojin Indiya na 1857, malamin addinin Hindu Dayananda Saraswati ya assasa ƙungiyar kare shanu a farkon shekarun 1880, kuma a 1893 an yi mummunan rikici tsakanin Hindu da Musulmi a kan yankan layya a arewacin ƙasar. Kundin tsarin mulkin da ya fara aiki a 1950 ya sanya batun a sashe na 48, a cikin manufofin da ake son gwamnati ta bi, inda ya nemi a hana yanka saniya da maraƙi da sauran dabbobin tatsa da na aiki, aka kuma bar wa jihohi ikon yin doka. Mafi yawan jihohi sun hana yanka saniya, Kotun Ƙoli ta amince a 2005 da dokar Gujarat da ta haɗa har da bijimai komai tsufansu, Maharashtra ta bi sahu a 2015, Gujarat ta ɗaga hukuncin zuwa ɗaurin rai da rai a 2017, yayin da Kerala da wasu jihohin arewa maso gabas, irin su Nagaland da Meghalaya da Mizoram, ba su da irin wannan hani. Bayan doka kuma akwai masu ɗaukar doka a hannunsu, kamar yadda ya faru a 2015 kusa da garin Dadri a jihar Uttar Pradesh, inda gungun mutane suka kashe wani magidanci Musulmi bisa jita-jitar cewa ya ajiye naman saniya a gidansa.

Sakamakon waɗannan dokoki a kasuwa yake bayyana. Manomin da saniyarsa ta daina ba da madara ba shi da mai saye, kuma ba shi da halin ciyar da ita, sai ya sake ta, shi ya sa ƙidayar dabbobi ta 2019 ta samu shanu marasa mai su kimanin miliyan 5 suna yawo a tituna suna faɗa wa gonaki. Makiyaya da yawa sun karkata ga ɓaunar gida, wato baƙar dabbar nan mai son ruwa da ake kiwo a nahiyar Asiya, domin yawancin dokokin ba su shafe ta ba, ana tatsar ta, idan ta tsufa a sayar da ita. Ƙasar tana da ɓauna kimanin miliyan 110, kuma namanta ya sanya Indiya cikin manyan masu fitar da jan nama a duniya, da cinikin da ya haura dala biliyan 3 a shekara zuwa ƙasashe irin su Biyetnam da Maleshiya da Masar da Iraƙi. Manyan mayankan zamani masu lasisi suna ci gaba da ciniki da ƙasashen waje, amma ƙananan mahauta da majema da dillalan dabbobi, waɗanda galibinsu Musulmi ne ko 'yan Dalit, su ne ke rasa sana'a, talakan da naman shanu ko na ɓauna ya kasance jan nama mafi araha a gare shi kuma ya rasa abincinsa.

Babu inda wannan ya fi tayar da hankali kamar batun ƙwai a abincin makarantun gwamnati. Indiya tana ciyar da yara fiye da miliyan 100 abincin rana a makaranta, kuma jihar Tamil Nadu ta sanya dafaffen ƙwai a cikin nata tun 1989, amma jihohi da dama na arewa da yamma ba sa bayarwa, har babban ministan Madhya Pradesh na lokacin, Shivraj Singh Chouhan, ya ƙi amincewa a 2015 da shawarar ba ƙananan yara ƙwai a cibiyoyin kula da su, duk da cewa jihar tana da ɗimbin 'yan ƙabilun karkara waɗanda al'adarsu ba ta hana su ci ba. Wannan yana faruwa ne a ƙasar da binciken lafiyar iyali ya samu fiye da kashi 35 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kashi 67 na ƙananan yara da kashi 57 na mata suna fama da ƙarancin jini. Waɗannan larurori suna da dalilai da yawa, ciki har da rashin tsabtataccen ruwa da cututtuka, amma ƙwai yana cikin mafi araha da sauƙin rabawa a jerin abinci mai gina jiki, kuma hana shi hukunci ne da aƙidar wasu ta yanke a kan cikin 'ya'yan wasu.

Kammalawa

Abin da hujjojin suka tabbatar shi ne, al'ada ce ke fitar da mutum biyu zuwa huɗu cikin goma daga sahun masu cin nama, ita ke zaɓar wa sauran dabbar da za su ci da ranar da za su ci, kuma ita ce ta karkatar da sabon arzikin ƙasar zuwa madara da kaza da ƙwai, yayin da aljihu ke ƙayyade yawan abin da mafi rinjayen jama'a ke samu, daidai ruwa daidai tsaki. Saboda haka ana iya sa ran cin kaza da ƙwai da kifi zai ci gaba da ƙaruwa muddin samun jama'a yana ƙaruwa, ba tare da Indiya ta bi tafarkin ƙasar Sin sau da ƙafa ba. Wajibin mai nazari da mai tsara manufa shi ne ya rarrabe tsakanin wanda ya bar nama domin imaninsa, wanda ya cancanci a girmama shi a kuma samar masa da madara da wake masu araha, da wanda ya rasa nama domin babu ko domin an hana shi. Haɗa su a lissafi ɗaya yana sa a ɗauki yunwar talaka a matsayin ibada, kuma gwamnatin da ta yi wannan kuskure za ta ci gaba da raba hatsi zalla ga yaran da jikinsu ke bukatar fiye da haka.